Hawa Tsaunukan Alps na Suwizalan da Ƙafa: Tambayoyi da Amsoshi

Tsaunukan Alps sun ratsa ƙasashe takwas na Turai, tsawon kimanin kilomita 1,200, daga gaɓar teku a kudancin Faransa har zuwa Ostiriya da Sloveniya. Amsoshin nan sun tsaya a kan Suwizalan, musamman yankin Zermatt da yankin Interlaken da Grindelwald, domin nan ne baƙo ya fi samun hanyoyi masu alama, da jiragen ƙasa da ke kai mutum har gindin turba.

Sai ƙwararre ne ke iya hawa waɗannan tsaunuka?

A'a. Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai hawan ƙololuwa da igiya da gatarin ƙanƙara da ƙarafa a tafin takalmi, irin wanda ake yi a Matterhorn mai tsayin mita 4,478 ko Mont Blanc da ya haura mita 4,800. Wannan sana'a ce da ake koya shekara da shekaru, kuma tana cin rayuka. A ranar 14 ga Yuli, 1865 da ayarin Baturen Ingila Edward Whymper suka fara taka saman Matterhorn, mutum bakwai suka hau, uku suka dawo, huɗu sun faɗo a wajen saukowa.

Na biyun shi ne tafiyar ƙafa a kan turba mai alama zuwa wuraren da ake hangen waɗannan manyan duwatsu, ko zuwa ƙananan ƙololuwa da ba su da ƙanƙara a lokacin zafi. Suwizalan tana da irin waɗannan hanyoyi sama da kilomita 65,000, kuma tun 1979 aka sa kula da su a cikin tsarin mulkin ƙasar. Duk mai lafiya da ke iya tafiyar awa uku ko huɗu a ƙasa zai samu turbar da ta dace da shi. Dattawa suna bi, iyaye suna bi da 'ya'yansu. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen zaɓen turbar.

To ta yaya zan gane wadda ta dace da ni?

Da launin alamarta. In ba ka riƙe komai daga wannan shafi ba, ka riƙe wannan.

Alama ruwan ɗorawa zalla tana nufin hanya ce mai faɗi da sauƙi, in akwai gangare mai haɗari an kafa shinge. Alamar fari da ja da fari, wadda ake shafawa da fenti a jikin duwatsu da itatuwa, tana nufin turbar tsauni: siririya ce, tana da hawa mai tsini, wani wurin akwai rami a gefe, wani wurin an ɗaura sarƙa don a riƙa. Tana buƙatar takalmi na ƙwarai, da ƙafa mai tabbata, da mutumin da jiri ba ya ɗibarsa in ya leƙa ƙasa. Alamar fari da shuɗi da fari kuwa ba ta baƙo ba ce. Wani lokaci turbar ma ɓacewa take yi, sai an kama dutse da hannu, wani lokaci a ratsa ƙanƙara.

Ƙungiyar masu hawa tsauni ta ƙasar, SAC, wadda aka kafa a 1863, tana da ma'auni daga T1 zuwa T6. T1 shi ne ruwan ɗorawa, T2 da T3 su ne ja, daga T4 zuwa sama shuɗi ne. Wanda bai saba ba ya tsaya a T1 da T2, in ya ga jikinsa ya karɓa sai ya gwada T3 a ranar da gari ya yi garau. Mutane da yawa suna zaɓen hanya ne saboda hoton da suka gani a Instagram, alhali hoto ba ya nuna santsi, ba ya nuna zurfin ramin da ke bayan mai ɗaukarsa. Doron tsaunin Hardergrat da ke saman tafkin Brienz misali ne: ya yi suna a hotuna, amma siririn doro ne mai ciyawa da gangare dama da hagu, an sha rasa rai a kansa, musamman in ƙasa ta jiƙe.

Me ya sa allunan hanya ke nuna awa da minti maimakon kilomita?

Domin a kan dutse nisa ba ya faɗin gaskiyar wahala. Kilomita uku a fili tafiyar minti arba'in da biyar ce, amma kilomita uku da hawan mita 900 na iya cinye awa uku. Matsakaicin mai tafiya yana hawa mita 300 zuwa 400 a awa ɗaya. Lokacin da aka rubuta a allo bai haɗa da hutu ko cin abinci ko salla ba, don haka ka ƙara naka a kai, kuma a ranar farko ka gwada saurinka da na allon don ka san matsayinka.

Daga ina ya kamata sabon zuwa ya fara?

A yankin Grindelwald, babu kamar hanyar Männlichen zuwa Kleine Scheidegg. Motar igiya, wato ɗan ɗakin da ke tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe, za ta kai ka sama, sai ka taka kimanin kilomita huɗu da rabi, awa ɗaya da rabi, kusan duk a miƙe ko ɗan gangare. Tun daga farko har ƙarshe duwatsu uku na gabanka: Eiger mai mita 3,967, Mönch mai 4,107 da Jungfrau mai 4,158. Baƙar fuskar Eiger ta arewa, wadda ba a iya hawanta ba sai a 1938, tana ƙara girma a idonka da kowane taku.

A Zermatt kuma, ka hau jirgin Gornergrat da ke aiki tun 1898, ya sauke ka a mita 3,089. Daga nan ana ƙirga ƙololuwa 29 da suka haura mita 4,000, har da Dufourspitze mai mita 4,634, mafi tsayi a ƙasar. Sai ka gangaro da ƙafa zuwa ƙaramin tafkin Riffelsee, inda Matterhorn ke bayyana a cikin ruwa in iska ba ta kaɗa ba. Da sassafe ruwan ya fi kwanciya, kuma da rana gajimare yakan naɗe kan dutsen. Akwai kuma hanyar tafkuna biyar a saman Zermatt, wadda ta bi ta tafkin Stellisee.

In ƙafa ta saba, tafiyar da na fi so a ba kowa shawara ita ce daga Schynige Platte, a saman Interlaken, zuwa tashar First da ke saman Grindelwald, ta kan dutsen Faulhorn. Kimanin kilomita 16 ce, awa shida ba tare da hutu ba. Tsohon jirgin ƙasa mai haƙora daga Wilderswil zai haura da kai da safe. A hagunka tafkin Brienz can ƙasa, ruwansa kore-kore, a damanka fararen duwatsu a jere. A saman Faulhorn, mita 2,681, akwai masauki da aka gina tun 1830, yana cikin mafiya daɗewa a tsaunukan. Daga nan sai gangare zuwa tafkin Bachalpsee, sannan First. Abu ɗaya da ya wajaba ka sani kafin ka tashi shi ne lokacin da motar igiya ta ƙarshe ke sauka daga First. In ta wuce ka, akwai saukar sama da mita 1,000 zuwa Grindelwald a kan gwiwar da ta riga ta gaji.

Mai neman ya taka ƙololuwa ta gaske ba tare da igiya ba, akwai Oberrothorn a saman Zermatt, mita 3,414. Amma wannan sai bayan kwanaki a yankin, in jiki ya saba da tsayi.

Tunda jirgi da motar igiya na kaiwa sama, mene ne amfanin wahalar da kai?

Ba laifi ba ne a hau jirgi, kuma ga tsoho ko mara lafiya ko mai ƙananan yara rahama ce. Jirgin Rigi, na farko irinsa a Turai, yana ɗaukar mutane tun 1871. Na Jungfraujoch ya huda cikin Eiger da Mönch ya kai mita 3,454 tun 1912, ita ce tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai.

Amma wanda jirgi ya sauke yana tsayawa ne a dandali ɗaya da ɗaruruwan mutane, ya ɗauki hoto, ya koma. Tafiyar minti ashirin kacal daga tashar, sai hayaniya ta yanke. A nan ne za ka ji fito mai kaifi na wata dabba mai kama da ƙaton kurege tana gargaɗin 'yan uwanta, ka ga furanni a tsagar dutse, in ka yi sa'a ka hangi bunsurun dutse mai dogayen ƙaho, wanda aka ƙarar da shi a ƙasar da farauta sannan aka dawo da shi a 1911. Mai tafiya da ƙafa yana ganin yadda daji ke ƙarewa, ciyawa ta karɓa, ita ma ta ƙare sai tsakuwa da ƙanƙara. A ganina mafi kyau shi ne a haɗa biyun: na'ura ta ɗauke maka hawan farko mai cin rai a cikin daji, ƙafarka ta yi sauran.

Wane wata ya fi dacewa?

Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Satumba. Kafin nan dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa daga turbobin da suka haura mita 2,000 ba, kuma tsohuwar ƙanƙara da ta daskare a kan gangare tana cikin abubuwan da suka fi kayar da mutane. Yuli na da furanni, Agusta na da cunkoso da hadari, Satumba na da sararin sama mai tsabta da ƙarancin jama'a, sai dai rana ta fara gajarta. Daga tsakiyar Oktoba yawancin masaukai da motocin igiya suna rufewa.

Yaya yanayin sama yake, kuma me zan sa?

Duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi. In ana digiri 25 a Interlaken, a saman Faulhorn bai fi 11 ko 12 ba, in iska ta taso kuma sai ka ji kamar hunturu. Dusar ƙanƙara na iya sauka a sama ko a watan Agusta.

Babban abin tsoro a lokacin zafi shi ne hadarin yamma. Gari zai waye tas, zuwa azahar gajimare ya fara taruwa a kan duwatsu, kafin la'asar tsawa ta fara. Shi ya sa mutanen yankin ke sammako, su kai sama kafin rana ta take, su kama hanyar sauka da wuri. Ka duba manhajar MeteoSwiss da daddare, ka sake dubawa da safe. In tsawa ta riske ka, ka bar ƙololuwa da doron tsauni, ka nisanci sarƙoƙin ƙarfe da itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Tufafi kuwa a jera su ne: riga mai saurin bushewa a ciki, rigar sanyi a kai, sannan rigar ruwa mai tare iska. Auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta sanyaya jiki. Takalmi ya zama mai kaushin tafi, wanda ka riga ka yi yawo da shi, don sabo yana fitar da bororo tun kafin a yi nisa. A jakar goyo a samu ruwa lita ɗaya da rabi ko biyu, abinci, hula, safar hannu, tocila, ɗan kayan ɗaure rauni, da taswirar da aka sauke a waya tun daga masauki. Kada baƙar fata ta sa ka raina ranar tsauni. Haskenta ya fi na ƙasa ƙarfi, ƙanƙara kuma tana mayar da shi cikin ido, don haka tabarau da man kare fata ba ado ba ne.

Tsayin wurin zai iya yi wa lafiyata illa? Ina da sikila a danginmu.

Wannan tambaya ta shafe mu fiye da yawancin masu zuwa can. Daga kimanin mita 2,500 iskar da ake shaƙa tana raguwa sosai, wasu sukan ji ciwon kai, tashin zuciya, kasala da rashin barci. Ƙarfin jiki ba ya hana wannan. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne, wato Gornergrat ya fi shi da kusan mita 700, kuma jirgi yana kai mutum can daga Zermatt cikin kusan rabin awa, jiki bai samu damar sabawa ba. Maganin shi ne a kwana ɗaya ko biyu a kwari tukuna, a hau a hankali, a sha ruwa, in alamun sun tsananta a sauka nan take.

Ga mai cutar sikila, ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon, kuma ukun suna haɗuwa a kan tsauni. Kada ya hau sai da izinin likitan da ya san shi. Wanda ke da AS ma, ko da bai taɓa jin komai ba, an san tsayi yana iya taɓa masa saifa. In ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauka ya nemi asibiti, ya kuma gaya musu yana da AS, domin ba lallai ne tunaninsu ya fara zuwa can ba. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su ma su ga likita kafin tafiya.

Mene ne ya fi jawo haɗari a turbar?

Faɗuwa, kuma sau da yawa a wajen saukowa. A kowace shekara mutum kusan 50 ne ke rasa ransu a tafiyar ƙafa a tsaunukan Suwizalan, akasarinsu zamewa ko tuntuɓe ne a wuri mai gangare. Mutum ya kai sama, ya yi murna, ya ɗauka aiki ya ƙare, alhali cinya ta gaji, hankali ya tafi ga abinci da wanka. Ka ajiye rabin ƙarfinka domin dawowa. Kada ka yanke hanya, kada ka bi wata 'yar turba mara alama don ta fi kusa, kada ka ja da baya kana neman hoto.

Kafin ka tashi ka sa wa kanka lokacin juyawa, misali ƙarfe ɗaya na rana, ko ka kai ko ba ka kai ba. Wanda ya kashe kuɗin biza da jirgi ya zo daga nesa yakan ji kamar asara ce ya juya saura kaɗan, kuma wannan tunanin ne ke tura mutane cikin hazo. In kuna da yawa, saurin ayari shi ne saurin mafi rauni a cikinku.

In wani abu ya faru fa?

Lambar gaggawa ta Turai 112 ce. Rega, masu ceto da jirgi mai saukar ungulu, 1414. A jihar Valais, inda Zermatt take, 144 ake kira. In babu sabis, alamar neman agaji ita ce fito ko haska tocila sau shida a minti ɗaya, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Ka gaya wa mai masaukinka inda za ka da lokacin dawowarka. Ceto da jirgi yana da tsada ƙwarai, don haka ka tabbatar inshorarka ta ambaci ceto a kan tsauni.

An ce akwai shanu a hanya?

Akwai, kuma makiyayarsu ce kake ratsawa. A farkon lokacin zafi manoma suna haura da shanu zuwa ciyawar sama, su yi cuku a can, su sauko da su a Satumba an yi musu ado da furanni da manyan ƙararrawa. Wanda ya san yadda Fulani ke tashi da garke bin ciyawa da ruwa zai gane tsarin nan take. UNESCO ta sa wannan al'ada cikin gadon duniya a 2023. Ka rufe duk ƙofar shingen da ka buɗe, kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. In ka haɗu da manyan karnukan da ke gadin tumaki, ka tsaya cak, kada ka yi gudu ko ɗaga sanda, ka kewaye garken daga nesa.

Ana kwana a sama?

Ana yi. SAC kaɗai tana da masaukai kusan 150, ban da masu zaman kansu. Sai an kama wuri tun da wuri. Ana cire takalmi a ƙofa, ana cin abincin dare tare a teburi ɗaya, ana kashe fitila wajen ƙarfe goma, ruwa kuma a ƙididdige yake. Yawanci ɗakin kwana na gayya ne, maza da mata a haɗe, don haka iyali ko mata masu son sirri su tambayi ƙaramin ɗaki tun wajen kama wuri. In ka fasa zuwa ka sanar, kada a ɗauka ka ɓata a hanya. Ladan kwanan shi ne asuba, lokacin da rana ke fara taɓa kan duwatsu alhali kwari na cikin duhu.

Salla da abinci fa?

Alƙibla daga Suwizalan tana kudu maso gabas. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, alfijir kuma yana ketowa da wuri sosai, don haka ka duba jadawalin garin da kake. Wurin salla ba ya wuya, sai dai a kauce daga kan turba da bakin gangare. Ruwan famfunan ƙauyuka ana sha, sai wanda aka rubuta wa "Kein Trinkwasser", wato ba ruwan sha ba ne. Ruwan rafi a ƙasan makiyaya kuwa kada a sha.

A Interlaken akwai gidajen abincin halal da dama saboda yawan baƙi daga ƙasashen Larabawa. A sama kuwa sai ka tambaya. Ana yawan sa naman alade a soyayyen dankalin da suke kira rösti da cikin miya da taliya, narkakken cukun fondue kuma da giya ake haɗa shi. In ka sanar da masauki tun farko cewa ba ka cin nama, za su dafa maka wani abu. Dabino, gyaɗa, burodi da cuku sun isa guzurin yini.

Biza da kuɗi?

Suwizalan tana cikin yankin Schengen tun 2008, don haka bizar Schengen ake nema, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Kuɗin ƙasar faran ne na Suwizalan, ba Yuro ba. Turba kyauta ce, babu kuɗin shiga. Abin da ke cin aljihu shi ne masauki da jiragen tsauni. Katin rabin farashi na baƙi yana rage kuɗin yawancinsu, sayen abinci a kantunan Coop ko Migros kuma ya fi gidan abinci sauƙi nesa ba kusa ba. Motar haya ba ta da amfani sosai: Zermatt ma ba a shiga da mota, a Täsch ake ajiyewa a hau jirgi.

Gaskiya ne ƙanƙarar tsaunukan tana ƙarewa? Ya shafi mai tafiya?

Gaskiya ne, kuma ana gani da ido. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, kogunan ƙanƙarar Suwizalan, wato tarin daskararriyar ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali daga saman duwatsu, sun rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na girmansu. In ka tsaya a kan dutsen Eggishorn ka dubi Aletsch, kogin ƙanƙara mafi tsawo a Alps, mai kimanin kilomita 20, za ka ga tabo a jikin duwatsun gefe da ke nuna inda ƙanƙarar ta taɓa kaiwa, can sama da inda take yanzu.

Ya shafi mai tafiya kai tsaye, domin daskararriyar ƙasa ce ke riƙe da duwatsun sama, in ta narke sai su saki. A ranar 28 ga Mayu, 2025, ƙanƙara da duwatsu suka rufto suka binne mafi yawan ƙauyen Blatten a kwarin Lötschental. An kwashe mazauna kwanaki kafin nan saboda masana suna sa ido a kan dutsen, shi ya sa ba a yi asarar rayuka da yawa ba. Saboda irin wannan ne ake rufe wasu turbobi ko a karkatar da su. Ka duba manhajar swisstopo ko SwitzerlandMobility, suna nuna hanyoyin da aka rufe, ko ka tambaya a ofishin baƙi na ƙauyen da safe. In ka tarar da shinge ko allon rufewa a turba, ka koma, ko da kana ganin sawun waɗanda suka tsallaka.